Filin Tambayoyinku: Wai In Ƙasa Ta Yi Kuɗi, Yaranta Sun Rabu Da Tamowa Kenan?

Wasiƙun wannan karon yawancinsu waje ɗaya suka nufa, maganar yunwa da tamowa da kuɗin ƙasashe. Na tsinto waɗanda nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Don Allah ki raba mana gardama ni da abokina, wlh har a waya bai barni ba. Shi dai cewa yake maganar tamowa da rashin abinci mai gina jiki duk surutu ne, talauci ne kawai ba wani abu ba, ƙasa tana yin kuɗi yaranta za su murmure da kansu. Ni kuma nace masa akwai ƙasashe masu kuɗi da yaransu ke shan wahala amma na kasa kawo masa hujja, sai dariya yake min.
*Ɗalibi*

Wa alaikas salam ƙanena. Toh bari in fara ɓata maka rai, abokin naka ba shirme yake ba. Bankin Duniya ya kasa ƙasashe gida huɗu bisa abun da zai faɗo wa kowane mutum ɗaya in an raba kuɗin shigar ƙasa na shekara, a lissafin da suka yi da alƙaluman 2023 wadda ba ta wuce dala 1,145 ba tana rukunin ƙasa, wadda ta haura dala 14,005 tana rukunin sama, sai rukuni biyu a tsakani. In ka ɗauko yara ƴan ƙasa da shekara 5 ka auna tsayinsu, a rukunin ƙasa kusan yaro ɗaya cikin uku ya tsumbure, wato tsayinsa bai kai na shekarunsa ba, a rukunin sama kuwa abun bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wannan ba ƙaramin bambanci bane, kuma ba wanda zai kalle shi yace babu ruwan kuɗi. Ka duba Sin, a 1990 kusan ɗaya cikin uku na yaranta a tsumbure suke, yanzu ana maganar kashi 5 ko ƙasa da haka, kuma a daidai shekarun ne tattalin arzikinta ya yi tashin gwauron zabi. Koriya ta Kudu ma haka, matan da aka haifa a 1996 sun ɗara kakanninsu na 1896 tsayi da wajen santimita 20, jini ɗaya ne fa, abincin da lafiyar ne suka canza.

Yanzu ga sandar da za ka je masa da ita. Ka ce masa ya ɗauko Guatemala da Senegal ya jera. Kuɗin shigar mutum ɗaya a Guatemala ya ninka na Senegal wajen sau uku, har tana cikin rukunin masu matsakaicin ƙarfi na sama, amma binciken da aka yi a can a 2014 zuwa 2015 ya nuna kusan kashi 47 na yaranta sun tsumbure, Senegal kuwa ta sauko ƙasa da kashi 20. In kuɗi kaɗai ne ya kamata ace lissafin ya juya. Abun da ke faruwa a Guatemala shine arzikin yana hannun wasu, ƴan asalin ƙasar na ƙauyukan kan tsaunuka, wato ƙabilun Maya, ba ya isa wajensu, kuma yaransu ne suka fi cika wancan adadin.

Matsalar lissafin nan na kuɗin shigar mutum ɗaya kenan, rabo ne na kan takarda. Mutum goma ne a zaune, ɗaya yana da shanu goma tara ba su da ko akuya, mai lissafi zai rubuta kowa na da saniya ɗaya ya rufe littafi, alhali gida ɗaya ne ake tatsar nono.

Su kansu masana ba bakinsu ɗaya ba a kan girman tasirin. Wasu sun lissafa cewa in kuɗin shigar ƙasa ya ƙaru da kashi 10, tsumburewa na raguwa da kamar kashi 6 na yadda take, wanda ba laifi amma tafiyar hawainiya ce. Wani bincike kuma da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2014, wanda ya bi ƙasashe 36 daga 1990 zuwa 2011, ya ga alaƙar ƴar mitsitsiya ce, wani wajen ma kusan babu. Ni dai abun da na ɗauka shine a tsawon shekara hamsin kuɗi na aiki sosai, a tsawon shekara biyar kuwa sai an tura shi da gangan inda yaran suke, kuma yaron da aka haifa bana ba zai jira shekara hamsin ba. Ka gaya wa abokinka haka, in ya ci gaba da dariya ka ƙyale shi.

Hajiya barka da aiki. Ni fa kaina ya ɗaure, yau ka ji a rediyo ance yunwa na ƙaruwa a duniya gobe ka ji ance an samu ci gaba, wai waye ke mana ƙarya a cikinsu?
*Mai sauraro*

Malam ba wanda ke ƙarya, ma'auni biyu ne ake haɗa maka a kwano ɗaya. Akwai lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, su mutanen da ba sa samun abincin da zai ishe su ƙarfin jiki suke ƙirgawa, babba da yaro. Akwai kuma lissafin da UNICEF, wato asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya ke fitarwa tare, su kuma jikin yara suke aunawa, tsayi da nauyi.

Na yaran in ka kalle shi daga nesa labari ne mai daɗi. A shekarar 2000 yara wajen miliyan 204 ne suka tsumbure, kashi 33 cikin 100 kenan, zuwa 2022 sun dawo miliyan 148, kashi 22. Sai dai saukar ta fara tsayawa a ƴan shekarun nan, kuma ba ko'ina aka sauka tare ba. Asiya ce ta ja adadin ƙasa, Afirka kuwa kason ya ragu amma yawan yaran ƙaruwa ya yi har ya haura miliyan 60, saboda haihuwa ta fi saurin gyaran. A 2022 ɗin dai akwai wasu yara miliyan 45 masu ramewa, su ne waɗanda nauyinsu ya zube bai kai na tsayinsu ba, kuma wannan shine mai kisa da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan rabin mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara 5 akwai hannun rashin abinci mai gina jiki a ciki, ba wai yunwar ce ke kashewa kai tsaye ba, jikin ne ke yin laushi sai gudawa ko ciwon haƙarƙari ko ƙyanda su ƙarasa.

Na FAO shi ne mai hawa da sauka. A farkon shekarun 1990 kusan mutum biliyan ɗaya ne ke cikin yunwa, aka yi ta saukowa har wajen 2014, daga nan abun ya tsaya cak, sai korona ta zo a 2020 ta rufe kasuwanni da ayyuka, ba a gama farfaɗowa ba Rasha ta shiga Yukren a 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, farashin abinci a kasuwar duniya ya kai ƙololuwa a watan Maris na shekarar. Rahotonsu na 2024 ya ce wajen mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, na 2025 kuma ya ce wajen miliyan 673 a 2024, kuma dama duk shekara suna komawa su gyara alƙaluman baya in sabbin bayanai sun shigo, shi yasa za ka ga lambobin ba sa zama daram. A Afirka dai mutum ɗaya cikin biyar ne, kuma hasashensu shine zuwa 2030, shekarar da aka yi alƙawarin kawar da yunwa gaba ɗaya, fiye da mutum miliyan 500 za su rage a ciki, kusan kashi 60 ɗinsu a Afirka.

Sannan inda abun ya kai matakin da ake ayyana bala'in yunwa a hukumance, in ka duba za ka ga bindiga a wajen. Somaliya a 2011 inda aka rasa mutum wajen 260,000, Sudan ta Kudu a 2017, sansanin Zamzam a Darfur a 2024, Gaza a 2025. Wannan ba lissafin kuɗin shiga ke bayyana shi ba, hanya ce aka tare, gona aka hana nomawa, motar agaji aka hana wucewa.

Salam Anti. Ni abun da ke bani mamaki Indiya ce, mutanen da suka sauke na'ura a duniyar wata kuma naji ance sune kan gaba wajen sayar da shinkafa a duniya, ya za a ce kuma su ne suka fi kowa yawan yara masu tamowa? Anya ba sharrin Turawa bane?
*Wata mai karatu*

Ƴar uwa ba sharri bane, alƙaluman gwamnatin Indiya ne da kanta. Binciken lafiyar iyali da suka yi daga 2019 zuwa 2021 ya nuna kashi 35.5 na yaransu sun tsumbure, kashi 19.3 kuma suna da ramewa, wanda yana cikin mafi muni a duniya. Kuma gaskiyarki, sun sauke Chandrayaan-3 a kan wata a Agustan 2023, su ne kuma na ɗaya wajen fitar da shinkafa. An samu sauƙi dai, don a 2005 zuwa 2006 tsumburewar kashi 48 ce, amma in ka kwatanta da yadda tattalin arzikinsu ya riƙa gudu a shekarun nan sai ka ga kamar yaran an barsu a tasha. Masana sun daɗe suna ta juya wannan lamari, don akwai ƙasashen Afirka da suka fi Indiya talauci nesa ba kusa ba amma yaransu sun fi tsayi.

Abu na farko da aka gano ba a tukunya yake ba, a bayan gida yake. Ƙidayar 2011 ta nuna kusan rabin gidajen Indiya ba su da masai, a fili ake yi, kuma ƙasa ce mai cunkoson jama'a. Ki ɗauki yaro mai rarrafe, hannunsa a ƙasa yake wuni, duk abun da ya taɓa baki yake kaiwa, ƙuda ya tashi daga can ya sauka a kan kwanonsa. Yau gudawa gobe tsutsar ciki, wani lokacin ma ba za ki ga gudawar ba amma hanjin na nan a kumbure a hankali, ya daina tsotse amfanin abinci yadda ya kamata. Uwa na ta ɗura masa, rabin abun na wucewa, sauran kuma jiki na kashe shi wajen faɗa da cuta maimakon ya gina ƙashi da ƙwaƙwalwa. Shi yasa gwamnatin Firaminista Narendra Modi ta ƙaddamar da shirin tsaftar muhalli mai suna Swachh Bharat a 2014, suka ce sun gina masai sama da miliyan 100, duk da gina shi daban ne, shigarsa kullum kuma daban.

Na biyu shine halin da uwar take ciki. A wancan binciken kashi 57 na matan Indiya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Yarinyar da ta tashi a tsumbure, ta ɗauki ciki jikinta bai gama ginuwa ba, ba ta ƙara nauyin kirki a cikin ba, jaririn da za ta haifa ƙarami ne tun ranar farko, in mace ce kuma sai zagayen ya sake komawa. Wasu masu bincike ma sun lura ɗan fari a Indiya tsayinsa ba laifi, na biyu da na uku ne ke zubewa, musamman mata, wato rabon kulawa a cikin gida ɗaya ma ba daidai yake ba.

Hatsi kam suna da shi, dokar da suka yi a 2013 ta ba mutum wajen miliyan 800 damar samun shinkafa da alkama a farashi mai rahusa. Cika ciki ne wannan, yana hana mutuwa, amma ba ya maye gurbin ƙwai da madara da wake da ganye. Ki leƙa maƙwabciyarsu Bangaladash, kuɗin shigar mutum ɗaya kusan kunnen doki suke da Indiya, a shekarun 1990 fiye da rabin yaranta a tsumbure suke, zuwa 2022 sun dawo kashi 24. Su sun dage a kan karatun ƴaƴa mata da ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida da tazarar haihuwa da masai, kuma ga shi ya nuna a jikin yaran.

Anti don Allah ki taimaka min, yarona shekararsa biyu da rabi yana cin abinci sosai cikinsa ma kullum a cike, amma da muka je awo ma'aikaciyar tace tsayinsa bai kai ba. Kakarsa tace gado ne mu dama ba dogaye bane. Ni dai hankalina bai kwanta ba, gado ne ko tamowa?
*Uwar yaro*

Maman yaro sannu, kuma kin kyauta da ba ki share maganar ba. Ni ban ga ɗanki ba don haka ba zan yanke hukunci daga nan ba, ki koma wajen ma'aikaciyar ki nemi ta nuna miki katin awon, ta nuna miki inda ɗigon nasa yake da yadda layin ke tafiya wata bayan wata, layin ne ke magana ba awo ɗaya ba.

Maganar Kaka tana da ƙamshin gaskiya, akwai gado a tsayi, a cikin kowace al'umma akwai dogo akwai gajere. Amma ga wani abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara sama da 8,000 daga 1997 zuwa 2003 a ƙasashe shida, Brazil da Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta zaɓi waɗanda ake shayar da su nonon uwa, gidansu akwai tsafta da kulawar asibiti, uwar ba ta shan taba. Abun mamaki girmansu ya zo kusan iri ɗaya, ɗan Ghana da ɗan Norway ba wani bambancin kirki har shekara biyar. Daga nan aka fitar da ma'aunin 2006 da ake amfani da shi a katin ɗanki. Kinga kenan in aka ga al'umma guda yaranta duk gajeru, sau da yawa ba jini aka gada ba, yanayin aka gada.

Cin abinci sosai kuma ba shine ba, me ake ci. Cikin yaro ƙarami ne, in aka cika shi da hatsi zalla ya ƙoshi amma ba furotin isasshe, ba sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ba zinki, ba bitamin A. Rashin ƙarfen ne ke kawo ƙarancin jini, rashin bitamin A ke kawo dundumi, rashin ayodin ke kawo maƙoƙo da dakushewar ƙwaƙwalwa, shi yasa ake sa shi a gishiri. A nan ne kuɗi ke shigowa da ƙarfinsa, don hatsi shine mafi arha a ko'ina a duniya, ƙwai da kifi da nama da madara da ƴaƴan itace su ne masu tsada. FAO tace a 2022 mutum biliyan 2.8 ba su da halin cin abinci mai lafiya kullum, a ƙasashe matalauta fiye da kashi 70 na jama'a ne, a masu arziki kuwa wajen kashi 6.

Abu biyu da za ki iya lura da su da kanki don gane mai hatsarin gaggawa. Akwai ɗan tef mai kala uku da ake zagaya wa a tsakiyar damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, in ya tsaya a kore lafiya, rawaya a kula, in ya faɗa ja wato ƙasa da santimita 11.5 asibiti ne ranar ba gobe ba. Sannan ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ki ƙirga uku ki ɗaga, in ramin ya zauna bai ciko ba kumburi ne, shima asibiti ne ko da yaron ya yi miki kama da mai ƙiba. Akwai maganinsa, wani haɗin gyaɗa da madara da suga da bitamin a ƴar leda wanda likitan Faransa André Briend ya ƙirƙiro a 1996, ba a dafawa ba a haɗa shi da ruwa, kuma ya ceci yara ba adadi. Shi kuwa tsumburewa lokacin da aka fi iya tare shi kwana 1,000 na farko ne, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, amma don ɗanki ya ɗan wuce nan ba yana nufin a zubar da makamai ba, abinci mai kyau da rigakafi da maganin tsutsa da wasa da shi da yi masa magana duk suna aiki har yanzu.

Hajiya wai da gaske ƙiba ma tamowa ce? Mu dai mun san ƙiba alamar hutu ce.
*Magidanci*

Alhaji a lissafin likitoci duk gida ɗaya suke, abincin da bai dace da jiki ba ne, ko ya gaza ko ya yi yawa ta inda bai kamata ba. Kuma nan ne labarin kuɗin ƙasa ke juyewa, don ita ƙibar hawa take tare da kuɗin. A 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta zama ciwo, sama da biliyan ɗaya kenan, a manya adadin ya ninka tun 1990, a matasa ya ninka sau huɗu. A 2025 UNICEF tace a karon farko yara ƴan shekara 5 zuwa 19 masu irin wannan ƙibar sun fi masu ramewa yawa a duniya.

Yadda abun ke tafiya, ƙasa ta fara samun kuɗi, mutane su bar gona su koma birni, aikin ƙarfi ya ragu a koma zama a mota da ofis, kamfanoni su cika kanti da lemon kwalba da biskit da soye-soyen leda, masu arha ne masu daɗi ne ba sa lalacewa kuma talla ba dare ba rana. Da farko masu hali ne ke yin teɓa, in ƙasar ta ƙara gaba sai abun ya gangaro kan talakawa, don mai kuɗi ya koma kifi da ganye da motsa jiki ya bar wa talaka suga da mai. Shi yasa a ƙasashe irin Masar da Meziko da Afirka ta Kudu za ka iya shiga gida ɗaya ka tarar da uwa mai ƙiba da ƙarancin jini, ɗanta kuma a tsumbure. Wani abun tausayin ma, jikin da ya sha yunwa tun a ciki ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da hawan jini in ya girma ya samu wadata, an ga haka a Holan a jikin waɗanda suna ciki aka yi yunwar hunturun 1944 zuwa 1945.

Amma ba dole bane. Japan da Amurka duk masu arziki ne, a Amurka wajen mutum huɗu cikin goma na manya ke da wannan ƙibar, a Japan bai fi ɗaya cikin ashirin ba. Meziko ta sa wa lemon suga haraji a 2014, Chile kuma tun 2016 take tilasta wa kamfani ya manna baƙin tambari a gaban leda in suga ko gishiri ko mai ya yi yawa.

Anti toh in ba kuɗi kaɗai bane, ƙasar da ba ta da shi sosai me za ta yi, ta zauna jiran arziki? Kuma akwai wadda ta taɓa yi aka gani a ƙasa ko duk zancen taro ne a otal?
*Malamar makaranta*

Malama na ji daɗin tambayar nan, kuma zancen taron otal ɗin ban musa miki ba, ana yinsa da yawa. Amma akwai waɗanda suka yi. Peru ce na fi son bayarwa misali saboda saurinta, daga kashi 28 a 2008 zuwa kashi 13 a 2016, shekara takwas kacal. Tattalin arzikinta ya daɗe yana haɓaka kafin nan amma tsumburewa ta ƙi motsi, sai ƙungiyoyi suka taru lokacin zaɓen 2006 suka sa ƴan takarar shugaban ƙasa suka sa hannu a kan alƙawari mai lamba, za a rage kashi 5 a yara ƴan ƙasa da shekara 5 cikin shekara 5. Abun da ya burge ni shine ma'aikatar kuɗi aka ɗaura wa igiyar, kasafi ya koma bin sakamako, yankin da ya nuna an yi wa yara awo da rigakafi shi ke ganin ƙarin kuɗi, aka kuma fara da gundumomin da suka fi talauci. Ga shirin Juntos da ke ba iyaye mata ɗan tallafi da sharaɗin su kai yara asibiti da makaranta.

Brazil ma ta sauko daga kashi 37 a tsakiyar shekarun 1970 zuwa kashi 7 a 2007, kuma da aka bi diddigi an ga karatun iyaye mata da ƙarin kuɗi a hannun talakawa da asibitin kusa da gida da ruwa da magudana su ne suka yi aikin, Bolsa Família, shirin tallafin kuɗi ga iyalai matalauta da Shugaba Lula ya kawo a 2003, na ciki. Senegal da na ambata ɗazu ofishin yaƙi da tamowa ta ɗauke ta kai ƙarƙashin firaminista a 2001 don kada ya zama ɗan bora a ma'aikata ɗaya.

Ke da kike malama ga naki. Wasu masana biyu, Lisa Smith da Lawrence Haddad, sun duba ƙasashe 63 daga 1970 zuwa 1995 suna neman me ya fi rage yawan yara marasa nauyi, sai suka ga karatun mata shi kaɗai ya ɗauki kashi 43 na ci gaban, wadatar abinci a ƙasa kashi 26. Ajin da kike shiga kullum yana cikin maganin kenan, ko da ba wanda ya taɓa gaya miki.

Jiran arzikin kuma ni a ganina baibai aka ɗauki abun, don ita tamowar tana cikin masu hana arzikin zuwa. A wasu ƙauyuka huɗu na Guatemala daga 1969 zuwa 1977 an riƙa ba yaran ƙauye biyu wani abin sha mai furotin da madara, sauran biyun kuma mai zaƙi marar furotin, bayan shekara wajen talatin aka koma aka nemo su sun zama magidanta, mazan da suka sha mai furotin ɗin kafin su cika shekara biyu abun da suke samu a awa ɗaya na aiki ya ɗara na sauran da kashi 46. Ministan kuɗin da ke cewa bari a samu kuɗi tukuna sannan a waiwayi yara, ma'aikatan da za su biya masa haraji nan da shekara ashirin ne yake bari suna tsumburewa.

Salam. Gajeriyar tambaya ce, wai akwai masu kwana da yunwa a Amurka ko dai faɗa ake?
*Mai son sani*

Akwai mana. Ma'aikatar noma ta Amurka da kanta tace a 2023 kashi 13.5 na gidajen ƙasar, wajen gida miliyan 18, sun shiga halin da ba su da tabbacin abincin da zai kai su, kuma a shekarar sama da mutum miliyan 40 ne suka karɓi tallafin sayen abinci daga gwamnati. A Ingila ma layin karɓar abincin sadaka ya ƙaru sosai a shekarun nan. Bambancin shine da wuya ka ga abun ya kai yaro ga tef ɗin damtse ya faɗa ja, saboda akwai ruwa mai tsafta da masai da asibiti da abincin makaranta da ke tare shi, sai dai ya fito ta wata fuskar, a tsallake cin dare a ƙarshen wata, ko a koma kan abincin leda mafi arha har ciwon suga ya shigo.

Masu tambaya a kan shayarwa da yaye ku yi haƙuri, wasiƙunku na nan a ajiye sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.